Farfaɗiyar da Yaya Likita Ya Rubuta

A kan teburin cin abinci aka yi mata ɗinkin farko, wannan na uku ma a kansa ake yi. Hajiya ta ture kwanuka gefe, ta shimfiɗa tsohon zani don kada jini ya ɓata mata ledar tebur. Yaya Likita ya buɗe baƙar jakarsa, ya sa safar hannu yana 'yar waƙa a hanci. Malama tana zaune a kujera ta ɗaga fuska sama tana kallon fanka. Girarta ta hagu ce ta tsage, kuma babu wanda ke falon nan da bai san ƙarfen bel ɗin wa ya tsaga ta ba.

Gidan bene ne. Hajiya a ƙasa, ɗanta Auta a sama da matarsa Malama da 'yarsu mai shekara ɗaya da wata biyu, wadda kowa ke kira Kumatu saboda abin da Allah ya hore mata a fuska. Yaya Likita wan Auta ne, babba a babban asibiti, mutumin da ake miƙewa tsaye in ya shigo ɗaki. Yana can gidansa da iyalinsa, amma kowace Lahadi yakan zo cin abincin rana wurin mahaifiyarsa. In kuma Auta ya yi ɓarna ran da ba Lahadi ba, waya ɗaya Hajiya ke bugawa.

"Banɗaki ko matakala?" ya tambaye ta yana zura zare a allura.

Malama ta ci gaba da kallon fanka.

"Ƙanwata, tambayarki nake. Gobe abokan aikinki za su ce me ya same ki. Wancan karon mun ce banɗaki, kin ga yanzu sai matakala. Kada ki je ki ce wani abu, ni kuma in ce wani."

"Yaya, maɓallin rigarsa ne fa ya cire a wanki. Maɓalli ɗaya."

"Na ji, na kuma yi masa faɗa. Daina motsi."

Faɗan da ya yi masa, Malama ta ji shi da kunnenta. Ya dafa kafaɗar Auta ne a bakin ƙofa ya ce, kai ma dai ka riƙa lura da fuska. Hajiya kuwa tana tsaye da Kumatu a kafaɗa tana cewa tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, kamar harshe ya taɓa cizon haƙori. Ɗinki huɗu ya yi mata, masu kyau, ɗaya na bin ɗaya. Hannunsa dai ba a kushe shi. Da ya gama ya wanke hannu, aka mayar da kwanuka, ya zauna a daidai wurin ya ci abincinsa har da ƙari.

Na huɗun ne ya fi ƙarfin tebur. Ta ɗaga hannu ta kāre kanta, sandar goge tayil ta sauka a damtsenta, ƙashi ya ba da sauti. Ba yadda za a yi sai hoton ƙashi, hoton ƙashi kuwa sai an buɗe fayil.

A ɗakin karɓar marasa lafiya wata nas mai furfura ta dubi hannun, ta dubi girar, ta dubi tsohon tabon da ke leɓenta. Ta ajiye biro ta ja kujera kusa.

"'Yata, gaya mini gaskiya. Wa ya yi miki wannan?"

Malama ta buɗe baki. Wallahi ta buɗe. Sai ga farar riga a bakin labule, nas ta miƙe tsaye, Yaya Likita ya zare fayil ɗin daga gabanta da murmushi ya ce ta bar shi kawai, ta gida ce. Ya kai Malama ofishinsa mai sanyi, ya rufe ƙofa, ya zauna yana rubutu da alƙalaminsa mai ruwan zinare. Ya daɗe yana rubutu. Da ya gama ya buga hatimi, sannan ya cire tabarau ya dube ta kamar mai shirin yi mata kyauta.

"Wannan nas ɗin bakinta ba ya shiru. Ta ga tabo uku da karaya ɗaya, kuma kin san ruwa ba ya tsami banza. In na rubuta kin faɗi sau huɗu a wata biyar ba dalili, za a yi tambaya. Daga tambaya sai 'yan sanda, daga 'yan sanda sai uban 'yarki a bayan kanta. Kina son haka?"

"A'a, Yaya."

"To na samo dalili. Na rubuta kina da farfaɗiya."

Ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. "Farfaɗiya? Ni? Ko a danginmu babu mai ita."

"Kalma ce a takarda, ƙanwata, takarda kuwa ba ta cizo. Fayil nawa ne a asibitin nan? Za a jefa shi a kanta, ƙura ta rufe shi. Ni da ke mun san gaskiya, shi ke nan. Ki fahimce ni, ƙanina ne. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Nata hannun yana kan cinyarta a kumbure, shi bai ma kalle shi ba da yake wannan magana. Ta roƙe shi takardar hutun jinya da za ta kai makarantar da take koyarwa, ya jawo wata farar takarda ya rubuta da sauri yana amsa waya. Mutum in ya yi ƙarya sau ɗaya hannunsa ya saba. Abin da ya sa a fayil shi ya sa a takardar, ya liƙe ta a ambulan ya miƙa mata. Ita kuwa ba ta buɗe ba, don an koya mata ba a buɗe wasiƙar da ba taka ba.

Ajin 'yan shekara huɗu take riƙewa. Yara ashirin da shida, ta san wanda ke kuka in an karɓe masa fensir, ta san wadda ba ta cin abinci sai an zauna kusa da ita. Da hutunta ya ƙare ta koma da hannu a rataye, shugabar makaranta ta tare ta tun a baranda ta ce ta biyo ta ofis. Ba ta miƙa mata hannu ba.

"Malama, shekara uku kina tare da mu, ba ki taɓa faɗa mana ba."

"Faɗa muku me, ranki ya daɗe?"

Shugaba ta tura mata takardar da bakin biro. "In abin ya tashi kina tsakiyar yara fa? Kina saukowa da su daga bene fa? Me zan ce wa iyayensu?"

"Ba ni da shi. Wallahi ba ni da shi. Kuskure ne."

"Kuskuren wa? Ki dubi sunan da ke ƙasan takardar. Shi ya yi wa mahaifina aikin tiyata. Kuma wan mijinki ne, me zai sa ya yi miki ƙarya?"

Wannan tambaya tana da amsa, amma amsar tana da 'yan sanda a cikinta. Malama ta haɗiye ta. Aka bar ta ta shiga aji ta kwashi kayanta lokacin da yara suka fita tara, don kada su gan ta su yi kuka. Ta ɗauki kofin shayinta da rajistar da ba tata ba ce yanzu, ta tuna, ta mayar da rajistar.

Da ta kai wa Yaya Likita ƙara ranar Lahadi, ya dafe goshi ya ce kash, ya sha'afa. Ya ce ta ɗauka hutu ne Allah ya ba ta, dama aikin nan yana gajiyar da ita, gajiya kuma ita ke sa ta mayar wa Auta magana. Sai ya ciro wata 'yar kwalba daga jakarsa ya ajiye gaban Hajiya, ba gabanta ba.

"Ɗaya safe, ɗaya yamma. Tunda an rubuta ciwon, dole a ga ana karɓar maganinsa. Kuma zai taimake ta, yana kwantar da jiki. Bakinta zai yi sanyi, gidan ma ya huta."

Kada mai karatu ya ɗauka Hajiya an ruɗe ta ne. Ita ta shimfiɗa zani sau uku, ita ta goge jini a matakala. Amma uwa in aka ba ta zaɓi tsakanin ɗanta azzalumi ne da surukarta mai ciwo ce, ba ta daɗewa tana tunani. A makon farko tana miƙa ƙwayar tana kawar da kai. A mako na uku ta fara cewa dama tun ranar da aka kawo yarinyar nan ta lura idonta yana wani juyawa. Kafin wata biyu ta ba maƙwabta labarin faɗuwa huɗu dalla-dalla, har da kumfar da ba wanda ya taɓa gani.

Ƙwayar fara ce 'yar ƙarama, ba ta kai ƙwayar wake ba. In Malama ta haɗiye ta, ba a jima sai duniya ta yi nisa. Harshenta ya yi nauyi, ƙafafunta su zama kamar na aro. Takan tashi ta ɗauko abu a kicin ta tsaya ta manta me ta zo ɗauka. Auta ya ji daɗin abin. Yanzu in ya mare ta ba ta ko ɗaga hannu, kuma ba ya buƙatar ya ce komai, kowa ya san matarsa tana faɗuwa.

Aka ware mata kofi da faranti da cokali, Hajiya ta ɗaura wa cokalin jan zare, wai yawun mai ciwon yana yaɗa shi. Yaya Likita ya san ba haka ba ne, shi da ke koyar da ɗalibai. Ya ga jan zaren ranar Lahadi ya yi dariya ya ce Hajiya ke nan, ya ci gaba da cin abincinsa.

Sai aka zo kan Kumatu. Aka ce maganin yana bi ta nono, aka yaye ta rana ɗaya. Aka sauko da 'yar katifarta ɗakin Hajiya. Kwana uku yarinyar tana kuka a ƙasa, uwar tana kuka a sama, nono ya cika ya yi tauri har zazzaɓi ya kama ta. Aka hana ta goyo, aka hana ta yi mata wanka, aka hana ta hawa ko sauka da ita. In tana son ganinta ta sauko falo ta zauna a ƙasa, a ɗora mata ita a cinya, Hajiya na kusa.

Wata safiya tana saukowa da bokitin wanki, jiri ya ɗebe ta a matakala ta biyar. Ta gangaro har ƙasa. Wannan ce faɗuwarta ta gaskiya ta farko a gidan, kuma Hajiya ta tsaya a kanta ta tafa hannu.

"Ga shi nan! Da 'yar tana bayanta fa? A ce mini kuma sharri ake yi mata!"

Tana kwance a tayil ta fahimci abin da ake yi da ita. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Wannan kam an samu mai yi mata ban ruwa safe da yamma.

Daga ranar ta daina haɗiya. Takan ɓoye ƙwayar a ƙarƙashin harshe, ta kurɓi ruwa, ta buɗe wa Hajiya baki, in ta hau sama ta tofar a masai. Wata biyar tana shan maganin, ta yanke shi rana ɗaya. A kwana na biyu kanta ya fara washewa, duk da barci ya ƙi zuwa. Ta ɗauki waya ta kira mahaifinta, tsohon direban da ya ajiye aiki, ta faɗa masa abin da ta ɓoye masa kusan shekara guda, tun daga maɓalli har zuwa hatimi.

Baba ya zo ranar Lahadi, ya iske su duka a falo. Bai karɓi ruwa ba.

"Likita, ni ban yi karatu ba, amma ni na haifi yarinyar nan. Shekara ashirin da shida ko suma ba ta taɓa yi ba. Yau zan tafi da ita da jikata, in akwai mai magana ya yi."

Auta ya sunkuyar da kai. Yaya Likita ya fara bayani da muryarsa mai laushi, wai ciwon yakan zo da girma, kuma yakan sa mai shi ya riƙa zargin na kusa da shi. Baba ya ɗaga masa hannu ya juya wurin 'yarsa.

"Tashi, uwata. Faɗa musu a gabana abin da kika faɗa mini."

Ta tashi. Ranta fari ƙal, rabon da wani ya tsaya mata har ta manta. Ta ce, "Baba, ranar da maɓallin..." Sai ta ji wani ɗaci a bakinta, fanka ta yi nisa, falon ya kife.

Da ta farfaɗo tana kwance a gefe, harshenta a cije, zaninta a jiƙe. Yaya Likita yana durƙushe a kanta yana riƙe da wuyan hannunta yana duba agogo. Ya ɗago ya dube ta, ita kaɗai ta ga abin da ke idonsa. Ya gane ta daina shan maganin, ya san abin da ya kayar da ita, kuma bai ce uffan ba. Baba yana jingine da bango yana salati, hawaye na bin gemunsa.

"Gani ya kori ji," in ji Hajiya.

Baba ya kama hannun Yaya Likita da hannu biyu ya ce a yafe masa, tsufa ne da son 'ya. Wannan roƙon gafara ya fi mata duk dukan da ta sha ciwo.

Auta ya ce shi kam ya yi iya haƙurinsa, mace ga ciwo ga ƙazafi. Ya rubuta mata takardarta a kan teburin nan. Baba ya tafi da ita ita kaɗai. Kumatu kuwa ko shi bai nemi a ba su ita ba. Ya ce a mota, "Uwata, in kika faɗi da ita a hannu, me zan ce wa Allah?"

Bayan mako biyu ta je wani ƙaramin asibiti a ɗaya gefen gari, da kwafin fayil ɗinta da hoton ƙashin a jaka. Likitar da ta gani matashiya ce, ba za ta girme ta ba. Ta saurare ta har ƙarshe ba ta katse ta ba. Ta taɓa girar, ta murza damtsen, ta ɗaga hoton ƙashin a hasken taga. Ta tura ta gwajin ƙwaƙwalwa, aka liƙa mata wayoyi a ka, ta dawo da sakamako bayan kwana uku.

"Malama, ba ki da farfaɗiya. Wannan karayar ta mai kāre kai ce, ba ta mai faɗuwa ba. Abin da ya same ki gaban mahaifinki kuwa maganin ne. Irinsa ba a yanke shi rana ɗaya, ko mai lafiya ya yi haka zai iya faɗuwa. Duk wanda ya ba ki ya san wannan."

Malama ta kife kai a tebur ta yi kukan da ta daɗe ba ta yi ba. Da ta ɗago ta ce, "Likita, ki rubuta. Abin da kika faɗa yanzu, haka ɗin nan, ki sa hatimi. Da shi zan karɓo 'yata."

Likitar ta jawo takarda, ta cire murfin biro, sannan ta buɗe shafin farko na kwafin don ta ga wa ya fara rubuta ciwon. Biron ya tsaya a sama.

"Shi ne wan mijinki?"

"Shi ne."

"Malamina ne. Shi ya koya mana yadda ake gane raunin duka." Ta mayar da murfin biron. "Yana cikin waɗanda za su yi mini jarrabawar ƙwarewa bana. Malama, ki gane, a aikinmu ƙarami ba ya ƙaryata babba a rubuce. Akwai hanyoyin da ake bi. Kuma gwaji ɗaya ba ya kore ciwon gaba ɗaya, in na rubuta zai ce haka, kuma za a yarda da shi."

"Amma yanzu kika ce ba ni da shi."

"Na faɗa miki don ki sani, ki samu natsuwa."

"Ni dama na sani, Likita. Ba ni ce mai buƙatar a faɗa wa ba."

Likitar ta rubuta mata yadda za ta janye maganin a hankali, ta ƙara layi ɗaya a ƙasa, wai ana buƙatar ƙarin bincike. Ta rako ta har ƙofa tana cewa ta yi haƙuri. Idonta ya yi ja, ba shakka abin ya taɓa ta, sai dai jan ido ba ya karɓo 'ya.

Daga nan Malama ta wuce babban asibiti, ta zauna a bencin ƙofar ofishinsa awa uku har ya gama ganin mutane. Ya karɓe ta da fara'a, har ya sa a kawo mata ruwa.

"Yaya, ba ƙara na kawo ba. Auta ya sake ni, ba mai kama shi yanzu. Layi ɗaya nake roƙo. Ka rubuta kuskure ne."

Ya jingina da kujera. "Kin san me kike nema? Fayil ba allon makaranta ba ne da za a goge. In na ce kuskure ne, za a ce yaya babban likita ya yi wata biyar yana ba mai lafiya wannan magani. Kwamiti zai zauna, lasisina zai tafi. Shekara ashirin da biyu ina gina sunan nan. Mutum nawa ke jirana a layi kullum? Saboda kalma ɗaya in bar su?"

"Ka ce takarda ba ta cizo."

"Bakin alƙalami ya riga ya bushe, ƙanwata. Kuma ai kin faɗi, mahaifinki shaida ne." Ya dubi agogo. "Kada ki manta ni na ɗinke ki. Dubi girar nan, wa zai ce ta taɓa tsagewa?"

A bayansa, a bango, an rataye rantsuwar aikinsu cikin gilashi, an goge ta tana ƙyalli.

Aka yarje mata ganin Kumatu duk Lahadi, bisa tsohon sharaɗi: a falo, a ƙasa, ba ɗauka. Haka ta yi shekara guda tana zuwa. Ta daina maganin tuntuni, ko tuntuɓe ba ta sake yi ba, aka ce ai ciwon lafawa yake. Ba makarantar da ta ɗauke ta, don shugabannin makarantu suna waya da juna. Kumatu ta yi wayo, ta iya magana, kumatun sun zube.

Wata Lahadi ta shigo ta ga an ture kwanuka gefe. Tsohon zanin nan yana shimfiɗe a tebur, baƙar jakar a buɗe. Kumatu na zaune a kan zanin ƙafafunta na lilo, goshinta a tsage, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Auta yana tsaye a bakin taga yana danna waya.

"Faɗuwa ta yi," Hajiya ta riga ta. "Ke kin san ta da rawar kai."

Kumatu ta miƙo hannu biyu tana satar kallon Auta. "Mama, Baba ne. Na zubar da shayi a wayarsa."

Yaya Likita ya ci gaba da zura zare. Da ya samu ya shiga, ya sunkuya daidai fuskar yarinyar ya yi mata murmushin da yake yi wa yaran asibiti.

"A'a, 'yar Baba, kin manta ne. Ina kika faɗi? Banɗaki ko matakala?" Sannan ya juya wurin mahaifiyarsa ya rage murya. "Karo na biyu ke nan a wata ɗaya. Kin san ciwon nan yakan bi jini. Zan buɗe mata fayil gobe."

Malama ba ta san lokacin da ta isa teburin ba. Ta sunkuci 'yarta ta rungume, karo na farko a shekara ɗaya da rabi. Ta yi nauyi, ta yi tsawo, ƙafafunta har cinyar uwar. Ta juya ta fita da gudu ba takalmi, ta tsallake bakin ƙofa, ta ƙetare kwalbati, ba ta ko yi tangaɗi ba. Hajiya ta biyo ta tana kururuwa, jama'a ku taimaka, za ta faɗi da ita.

Jama'a kuwa suka taimaka. Mai shago ya fito, matar maƙwabci ta fito, tela ya bar kekensa. Ba mugaye ba ne, tausayi ne ya fito da su, duk layin nan an san Malama da ciwonta. Suka kewaye ta suna lallashi, baiwar Allah ki yi haƙuri, ki ba mu ita don Allah, ke ma kin san halin da kike ciki. Tana cewa ubanta ne ya doke ta, ku tambaye ta, ku dubi goshinta. Suka dubi juna suka girgiza kai, abin ya fara taɓa mata ƙwaƙwalwa. Matar maƙwabci ce ta ɓamɓare yatsun Kumatu daga wuyan rigarta ɗaya bayan ɗaya, tana yi tana hawaye.

Yaya Likita ya fito da safar hannunsa ya karɓi yarinyar, ya gode wa kowa. Tela har ya ce Allah ya saka wa Likita, gidan nan da ba don shi ba da tuni an shiga uku.

Auta da hannu ya doke ta, kuma duk inda ya doka ya warke. Wansa bai taɓa ɗaga mata yatsa ba. Ya zauna ne a ofis mai sanyi ya rubuta kalma ɗaya, da ita ya raba ta da ajinta, da hankalinta, da yardar mahaifinta, da 'yar cikinta, kuma har yau in ya shigo ɗaki miƙewa ake yi. Mutane suna kai masa jikinsu ne don sun yarda abin da ya rubuta shi ya gani. Ran da wannan yarda ta zama sanda a hannun ɗan'uwansa, ba wanda zai je wurinsa ya kai kuka, don shi ne shaidar.

Aka rufe ƙofar gidan. Malama tana tsaye a titi da jinin goshin 'yarta a kafaɗa, tana jin kukanta ta taga. Ta san teburin, ta san zanin, ta san ɗinkin zai yi kyau.